Motar da ta kafe a bakin Tafkin Eyre: nazarin abin da ya faru a Disambar 1998

Ranar 7 ga Disamba, 1998, wasu matafiya biyu, mace da namiji, 'yan ƙasar Ostiriya da ke Turai, suka isa William Creek, wani ɗan mitsitsin ƙauye a arewacin jihar Ostireliya ta Kudu. Motar haya ce a hannunsu, Land Cruiser mai jan ƙafa huɗu, wadda aka gyara bayanta don kwana da girki. Niyyarsu su gangara Halligan Bay, su kwana a bakin Tafkin Eyre, su juyo. Nisan kimanin kilomita 60 ne. Suna isa wurin yada zango motar ta kafe a yashi. Bayan kwana takwas aka tsinci gawar matar a kan hanya, ta ci kusan rabin nisan da ƙafa. Namijin kuwa aka tarar da shi da ransa a wurin motar. Ɗan sandan da ya je ɗauko motar bai nemi wata ta ja ta ba. Ya rage iskar tayoyi, ya kwashe yashi da shebur na 'yan mintuna, ya shiga ya tuƙo ta.

Motar lafiyarta ƙalau. Mai bai ƙare ba. Ruwa akwai shi, a cikin motar da kuma a wani tanki da ke wurin zangon. Duk abin da aka saba cewa rashinsa ke kashe matafiyi a hamada, suna da shi. Alƙalin binciken musabbabin mutuwa na jihar ya zauna a kan maganar, ya gano cewa galabaitar zafi ce ta kashe ta, wajen 12 ga watan. Mutane kan yi saurin cewa ai laifinta ne, me ya kai ta barin mota. Ni a nan nake so mu dakata. Kafin ta ɗaga ƙafa abubuwa biyu sun riga sun lalace, kuma ba a hannunta kaɗai suka lalace ba.

Ƙasar shanu wadda babu makiyayi

William Creek a tsakiyar gandun kiwo na Anna Creek yake, wanda ake lissafawa a matsayin gandun shanu mafi girma a duniya. Idan aka haɗa da reshensa The Peake, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita kimanin 23,600, wato ya fi jihar Kano, wadda ta ɗan haura 20,000. A lokacin yana hannun kamfanin S. Kidman & Co, wanda Sidney Kidman ya kafa, sai a 2016 aka sayar wa Williams Cattle Company. Ruwan saman yankin bai cika wuce milimita 150 a shekara ba, wata shekarar ma ko rabin haka ba a samu. A shekara mai albarka gandun kan ɗauki shanu sama da 15,000. A farin 2007 sun ragu zuwa kimanin 1,500. Ko a shekarar albarkar, kowace saniya tana da fiye da murabba'in kilomita ɗaya ita kaɗai.

Wanda ya saba da kiwo irin namu zai ɗauka cewa inda aka ga shanu, mutum na kusa. A can ba haka ba ne. Ana sakin shanun su yi ta yawo a kewayen rijiyoyin burtsatse da kwamin ruwa, babu mai bin su da sanda. Sai lokacin tattarawa ya yi a fito da ƙananan jiragen sama da babura a kore su zuwa shinge. Ma'aikatan dindindin ba su cika kai ashirin ba a duk wannan faɗin. Akwai mai zagayen rijiyoyi, wanda aikinsa ya duba famfo da kwami, amma hanyarsa ta ruwan shanu ce, ba ta wurin da 'yan yawon buɗe ido ke kwana ba. Mutum na iya wuce garke, ya ga kashin shanu ɗanye, ya ga sawun taya, alhali tsakaninsa da ɗan'adam mafi kusa tafiyar yini biyu ce.

Ruwan da shanun ke sha daga ƙarƙashin ƙasa yake, daga babban rumbun da ake kira Great Artesian Basin, mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.7. A gefensa na kudu maso yamma ruwan kan ɓuɓɓugo da kansa, kuma jerin waɗannan maɓuɓɓugan ne mutanen Arabana, 'yan asalin yankin, da maƙwabtansu suka daɗe suna bi tun kafin zuwan Turawa. Waɗannan maɓuɓɓugan Baturen nan mai binciken ƙasa John McDouall Stuart ya bi, su layin wayar tangarahu na 1872 ya bi, haka ma tsohon layin dogo. Da aka rufe layin dogon a 1980 aka mayar da shi can yamma, garuruwan kan hanya suka watse. Abin da ya rage shi ne hanyar Oodnadatta, burji da tsakuwa da gargada, fiye da kilomita 600 daga Marree zuwa Marla, William Creek kuma na tsakiya da mazauna da ba su cika yatsun hannu da na ƙafa ba.

Hanyar Halligan Bay reshe ce daga wannan. Ba titin gwamnati ba ce da ake gyarawa a kai a kai. Tana cikin hanyoyin da dokar filayen kiwo ta jihar, ta 1989, ta ba jama'a izinin bi ta cikin gandun wani. Dokar ta ce kada a yada zango ƙasa da mita 500 daga wurin shan ruwan dabbobi, domin shanun daji ba sa matsowa ruwa idan sun ga baƙo, kuma al'adar yankin ita ce a bar ƙofar shinge yadda aka same ta. Izinin wucewa ne kawai. Babu wanda aka ɗora wa sintiri a kanta.

Can ƙarshenta tafkin yake, wanda tun 2012 sunansa na hukuma Kati Thanda-Lake Eyre. Fili ne na gishiri fari fat, murabba'in kilomita kimanin 9,500, wani sashensa mita 15 ƙasa da matakin teku, mafi gangaren wuri a nahiyar. Ba kasafai yake cika ba. Cikar 1974 ce aka fi tunawa.

Sai maganar wata. Disamba a Turai tsakiyar sanyi ne, lokacin hutu. A Ostireliya farkon bazara ne. A Oodnadatta, kimanin kilomita 200 daga William Creek, an auna digiri 50.7 ranar 2 ga Janairu, 1960, kuma har yau ba a zarce shi ba a ƙasar. 'Yan ƙasa masu sha'awar irin wannan tafiya tsakanin Afrilu da Satumba suke yinta. A watan Yuli, mota ta kafe a Halligan Bay, kafin la'asar wata ta zo ta ja ta. A Disamba sai da aka yi kwana takwas kafin wata ta ɓullo.

Littafin otal

Kafin su bar William Creek sun yi abin da ake gaya wa kowane baƙo ya yi. Sun shiga otal ɗin garin, wanda nan ne gidan mai, nan ne wurin cin abinci, nan ne wurin tambayar hanya. Suka faɗi inda za su da lokacin da za su dawo, suka nemi a rubuta. Akwai al'adar ajiye littafi don haka: matafiyi ya sa suna da wurin zuwa, in bai dawo ba a kira 'yan sanda. An rubuta bayaninsu. Sai dai rubutun bai kai idon wanda zai duba ba. Wa'adin ya zo ya wuce, babu wanda ya san akwai mutum biyu da ba su fito ba.

Mu tsaya a inda suke. Ranar farko hankali a kwance, ai an san da mu. Wa'adi ya cika, kunne ya koma kan hanya yana jiran ƙarar inji. Dare ya yi, gari ya waye, shiru. Zafi ya haura 40 a inuwa, ƙudaje ba su bari a rufe ido, gaba gishiri, baya tsakuwa. Daga nan tunani ɗaya ke shiga kai ya zauna: ba wanda zai zo. Kuma dole a faɗi gaskiya, wannan tunanin nasu daidai ne. Ba a nemansu. Waɗanda suka zo ranar 15 ga watan wasu 'yan yawon buɗe ido ne daga Jamus, da suka shigo don ganin tafkin, suka ci karo da gawa.

Irin wannan littafi taimako ne na sa-kai. Mai otal ba hukuma ba ne, yana fama da baƙi da famfon mai da kicin, yau wannan ne a kanta gobe wancan. Matafiya da dama kan sa suna su fita ta wata hanya ba tare da sun dawo sun soke ba, har mai dubawa ya gaji da neman mutanen da tuni suna can Alice Springs. Ban ga amfanin neman wanda za a rataya wa laifi a cikinsu ba. Amma a ganina littafin da ba a ɗora wa wani takamaimai dubawa ba ya fi rashin littafi haɗari. Wanda ya san babu mai jiransa yakan ƙara shiri, ko ya fasa. Wanda aka ce wa "an rubuta" ya sauke wannan nauyin daga kansa, ya shiga daji da tabbacin da babu shi.

Ba su da rediyo mai cin dogon zango, ba su da na'urar kiran agaji. Wayar hannu kuwa a 1998, a wannan yankin, ba a ma maganarta.

Iskar taya

A nan ne zuciya ta fi ƙuna, domin ilimin da ake buƙata bai fi na minti biyar ba.

Tayar da aka cika don kwalta, geji na nuna 40 ko sama a ma'aunin iskar taya na psi, tauri gare ta. Ɗan wurin da take taka ƙasa bai fi tafin hannu ba, duk nauyin mota a kansa. A kwalta wannan shi ake so. A yashi mai laushi sai ta nutse, ta tara tudu a gabanta, ta zama kullum hawa take yi. Direban da bai sani ba yakan ƙara wuta. Taya ta yi ta juyawa tana watso yashi baya, tana haƙa wa kanta rami, har cikin mota ya zauna a ƙasa. Da zarar ya zauna, nauyi ya bar tayoyi, sai su yi ta lilo a banza. Jan ƙafa huɗu ba ya maganin wannan. Ramuka huɗu yake haƙawa maimakon biyu.

Idan aka sace iskar ta koma 20, ko 16, taya kan kwanta. Sawunta ya ƙara tsawo sosai, nauyi ya bazu, sai ta hau kan yashin maimakon ta huda shi. Mutum ya tsuguna, ya cire murfin bawul, ya danna ƙwayar da ɗan tsinke ko bakin makulli, ya ji iskar na fita da ƙara, ya riƙa sa geji yana dubawa, har ya ga gefen tayar ya yi tumbi. Ya yi wa duka huɗun. Sannan ya ɗauki shebur ya kwashe yashin da ke tokare da cikin motar da na gaban kowace taya, ya yi musu gangare mai sauƙi. Ya miƙe sitiyari, ya sa ƙaramar giya, ya taka a hankali. In ta ƙi, ya tsaya nan take, ya ƙara rage iska. Wasu Land Cruiser na wancan zamanin kuma suna da makulli a cibiyar tayoyin gaba wanda ake murɗawa da hannu. In ba a murɗa ba, ko an ja sandar jan ƙafa huɗu tayoyin baya ne kawai ke aiki.

Abin da ke hana baƙo sakin iska tsoro ne, kuma tsoro mai dalili. Duk rayuwarsa an koya masa cewa taya mara iska haɗari ce. Yana tsakiyar daji, yana ganin iskar da ke cikin tayar ita ce kaɗai yake da ita, in ya sake ta ina zai samo wata? Sai ya ɗan taɓa, ya rage kaɗan, ya ga ba ta fita ba, ya yanke cewa dabarar ba ta aiki. Abin da ba a gaya masa ba shi ne taya mai iska 20 za ta iya kai shi kilomita 60 lafiya, muddin ya tafi sannu, bai yi kwana da ƙarfi ba. Ko da ta lalace a ƙarshe, taya ce. Ana sayen wata.

Direbobin da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku, a motocin da ake ce wa kat-kat, ba sa jiran mota ta kafe kafin su sace iska. Suna ganin rairayi suke tsayawa. Ba a makaranta suka koya ba, yaran mota ne da suka ga maigida na yi. Baƙon da ya sauka daga jirgi ya karɓi makulli a ofishin haya ba shi da maigidan da zai kalla. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a wannan lamarin akwai wanda ke riƙe da fitila a lokacin da ake miƙa makulli.

Tafiyar

Bayan kwana biyu suna jira, ranar 9 ga watan da yamma, suka ɗauki ruwa da tanti suka kama hanyar William Creek da ƙafa. Ba su yi nisa sosai ba jikin namijin ya gaza. Daga baya ya lallaɓa ya koma wurin motar. Ita ta ci gaba, da nufin ta kai gari ta turo masa taimako. Ina so a riƙe wannan: ba guduwa ta yi ta bar shi ba. Ta ga ita ce mai sauran ƙarfi, ta ɗauki nauyin.

A takarda lissafin yana da kyau, kuma wannan shi ne tarkon. Kilomita 60, mutum mai lafiya na cin 4 a awa, awa 15 ke nan, dare biyu. Ga hanya a fili, ba ɓata. Wane matashi ne zai ce ba zai iya ba? Amma a Disamba daren gajere ne, awa 10 ko makamancin haka, tsakuwar da ta sha rana yini guda kuma tana ci gaba da fitar da zafi har tsakar dare. Duk litar ruwa kilo ɗaya ce a kafaɗa. Gari na wayewa, inuwar da za a fake a cikinta babu, domin ƙasar ba ta da bishiyar kirki, tanti kuwa a rana ɗakin gashi ne. Wanda ya kwana yana tafiya ba ya samun barcin rana. Dare na biyu ba ƙafar dare na farko ke tafiya ba.

Mai tafiya cikin irin wannan zafi yakan zubar da gumi lita ɗaya a awa, wani lokacin fiye. Binciken da aka yi wa sojojin Amurka a hamadar Kalifoniya lokacin yaƙin duniya na biyu ya nuna abubuwa biyu da har yau ake aiki da su. Ba a horar da jiki ya rage buƙatar ruwa, don haka tattalin ruwa a gora alhali jiki na bushewa ba dabara ba ce. Na biyu, mutum ba ya shan abin da ya ishe shi ko da ruwan na hannunsa, ƙishirwa kan zo a makare. Wanda ya kwanta a inuwa bai motsa ba yana rage asarar ƙwarai.

Ita da sauran ruwa a tare da ita aka same ta. Ta kuma wuce wuraren shan ruwan shanu, ɗaya ma bai kai kilomita guda daga inda ta faɗi ba. Wannan ya ɗaure wa mutane da yawa kai, amma likitoci sun san shi. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ce ke fara taɓuwa. Mutum ya rikice, ya daina auna nisa, ya manta da gorar da ke rataye a kafaɗarsa, amai ya hana ruwan zama. A wannan matakin ba ƙishirwa kaɗai ke kisa ba, zafin kansa ne, kuma wanda abin ke samu ba ya gane yana samunsa. In akwai na biyu a gefe zai ja shi inuwa, ya jiƙa masa riga, ya tilasta masa sha. Ita kaɗai ce.

Shi kuwa da ya koma, ya tarar da abin da suka baro: inuwar mota da ta rumfar zangon, da tanki mai ɗaruruwan litoci. Bai yi wata bajinta ba. Ya zauna, ya sha ruwa, kwanaki suka wuce, aka zo. Ruwan da ya riƙe shi zai riƙe su biyun.

Shekara 35 kafin wannan, a ɗaya gefen tafkin, an yi irinsa. A Disambar 1963 wani iyali na mutum biyar, 'yan ci-rani daga Ingila, suka tashi daga Marree a kan hanyar Birdsville, suka saki hanya, mai ya ƙare. Suka bar takarda a mota suka tafi da ƙafa. Motar aka fara gani. Gawarwakinsu sai ranar 1 ga Janairu, 1964. Dalilin da ya sa 'yan sandan yankin ke nanata a zauna a wurin mota ke nan: daga jirgin sama ana hango mota, ba a hango mutum, kuma duk abin da zai raya mutum a cikinta yake.

Amma kada a mayar da shawarar tamkar laya. Tana aiki ne idan akwai ruwa, kuma akwai ranar da wani zai zo. A Oktoban 2013, a arewacin Nijar, tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, motoci suka lalace da matafiya, aka tsinci gawa 92, yawancinsu mata da yara. Waɗannan ba wanda zai ce musu da sun zauna da sun tsira, domin babu tanki, babu mai nema. A Halligan Bay sharaɗi na farko ya cika, na biyu ne ya karye, kuma karyewarsa ce ta tura su kan hanya. Shi ya sa nake ganin wanda ya ce "da ta zauna" ya faɗi gaskiya, amma rabinta.

Abin da ya canza da abin da bai canza ba

Yankin ba baƙon neman hanyar kiran taimako ba ne. Tun 1928 John Flynn ya fara aikin likitoci masu zuwa da jirgin sama daga Cloncurry, a 1929 kuma Alfred Traeger ya kawo rediyon da ake ba wa wuta da feda, gandayen shanu suka samu bakin magana da duniya. Mazauna sun daɗe da sanin cewa ba a fita ba tare da hanyar kira ba. Baƙi ne aka bari a baya.

Yau akwai 'yar na'urar kiran agaji da ke shiga aljihu. Ana ɗaga eriyarta a danna, ta aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, cibiyar ceto ta AMSA, hukumar kiyaye haɗurran teku ta Ostireliya, da ke Kanbera, babban birnin ƙasar, ta karɓa tare da wurin da mutum yake. Rajistarta kyauta ce, kuma akwai gurbin da mutum zai rubuta hanyar da zai bi da lambar wanda za a kira. Littafin otal ne aka sake yi, da bambanci guda: akwai mai aikin dubawa dare da rana. Wayar tauraron ɗan'adam ma ana hayarta. Ƙaramin rediyon mota da direbobi ke magana da juna a kan hanya yana da amfani, amma zangonsa gajere ne, ba abin dogaro ba ne a wurin da babu kowa. Hukumomin jihar kuma sun yarda cewa gargaɗi kaɗai bai isa ba: tun 2008 ake rufe sashen hamadar Simpson da ke jihar daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Duk da haka na'ura ba ta fitar da mota daga yashi. Tana kiran jirgi, ko ɗan sandan da zai tuƙo ɗaruruwan kilomitoci, ko ma'aikacin gandu da zai bar rijiyoyinsa a tsakiyar bazara, shanu na jiran ruwa, ya je ya yi aikin da bai fi danna bawul ba. Masu gandayen suna yi, ba sa ƙi, amma nauyi ne da ba su suka ɗauko ba.

Inda nake ganin amanar ta fi nauyi shi ne wurin miƙa makulli. Mai ba da hayar irin wannan mota ya san inda ake zuwa da ita, don wannan ake hayarta. Ya san wanda ke gabansa daga ƙasar da babu yashi ya fito, ya san watan da ake ciki. Takardar sharuɗɗa da mutum zai sa wa hannu bai karanta ba tana kare kamfani ne. Abin da zai kare baƙon shi ne a fita da shi farfajiya, a sa shi ya tsuguna da kansa ya sauke iskar taya ɗaya zuwa 18, ya ga yadda take kwanciya, ya jona famfon lantarki a batir ya mayar da ita, ya murɗa makullin cibiya in motar na da shi, ya riƙe shebur. A nuna masa na'urar kiran agaji da maɓallin da zai danna. A tambaye shi wa ya bari a gida da ranar da zai kira 'yan sanda in ya ji shiru, a ce ya aika wa mutumin sunan hanyar da lambar motar kafin ya fita daga ƙofa. In kuma ya ce Halligan Bay zai je a Disamba, a gaya masa a fili cewa ya bari sai Mayu.